Fim ɗaya, haske ɗaya, amma kowane hoto da kalarsa idan na yi sikanin

Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah a taimaka min. Na wanke fim ɗin Kodak Gold 200, kusan duk hotunan a wuri ɗaya na ɗauka da yamma, haske bai canza ba, amma da na zo sikanin kowane hoto da kalarsa yake fitowa, wani ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a bula, na kusa da shi kuma ja, wani sararin sama ya ƙone fari fat ba gajimare ko ɗaya alhali in na ɗaga nagatif ɗin, wato wankakken fim ɗin, a haske ina ganin gajimaren a jikinsa. Sikanar irin mai gilashin nan ce da ake rufe murfi, manhajar da ta zo da ita nake amfani da ita, komai a oto na bari. Wanki ne ya lalace ko sikana ce?

Malam Bala: Wa alaikumus salam Sadiq. Kafin ka zargi wanki ɗauko fim ɗin ka duba gefensa, wajen ramukan nan, akwai rubutu da lambobi da kamfani ya buga tun daga masana'anta. Idan rubutun ya fito raɗau da duhunsa, kuma filin da ke tsakanin hoto da hoto ruwan lemo ne iri ɗaya tun daga farkon fim har ƙarshe, to wankinka lafiya lau. Tunda ka ce kana ganin gajimare a nagatif ai bayanin yana nan, sikana ce ta zubar da shi. Oto ɗin nan kowane hoto shi kaɗai yake kallo, bai san cewa duk yamma ɗaya ce ba. Hoton da ja ya yi yawa a ciki sai ya ɗauka kuskure ne ya zuba masa akasin ja, wanda itatuwa suka cika sai ya ja shi wajen shunayya, shi ya sa kake ganin kowa da fuskarsa.

Sadiq: Na duba Malam, rubutun ya fito sosai, lemon ma iri ɗaya ne.

Malam Bala: Madalla. Abu na biyu, layin da kake zagaye hoton da shi kafin ka danna sikan, ka tabbata bai haɗa da baƙar robar mariƙin fim ba, ko wani fili da babu fim a kai. Ko ɗan siririn layi ne ya shiga, manhaja za ta lissafa shi cikin hoton, ta ɗauka shi ne mafi haske ko mafi duhu, duk sauran lissafin ya karkace. Ka matso da layin ya shiga cikin hoton kaɗan ka ga yadda kalar za ta yi tsalle nan take.

Kamal: Ni fa gaskiya ban ga abin wahalar da kai ba, ka bar shi a oto ka fitar da JPEG ka gyara a manhajar Lightroom, minti ɗaya kowane hoto an gama. Mutane na son mayar da sikanin kamar aikin asibiti

Zainab: Kamal to sararin saman da ya ƙone fa, da me za ka dawo da shi?

Kamal: Sai ka ja hailait, maɓallin wurare masu haske, ƙasa mana

Malam Bala: Ba zai dawo ba ɗana. Abin da sikana ta mayar 255, wato maƙurar haske, a ja da kore da shuɗi duka ya tafi, in ka ja shi ƙasa toka-toka kawai zai zama, gajimaren ba ya cikin fayil ɗin balle ka jawo shi. Sannan JPEG bit 8 ne, matakai 256 kacal a kowace kala. Shi kuwa nagatif mai kala an yi shi da lausasan bambanci tsakanin haske da duhu, hoton gaba ɗaya a ɗan ƙaramin yanki na histogiram, zanen tudun nan da ke nuna yawan duhu da haske a hoto, yake zaune, dole sai an miƙe shi. In ka miƙe matakai kaɗan sai su rabu, ka ga sama ta yi layi-layi maimakon ta tafi a hankali daga shuɗi mai duhu zuwa mai haske. A bit 16 matakai 65,536 ne kowace kala, shi ne abin da manhaja ke kira 48-bit, a nan kana da wurin juyawa. Ka ajiye TIFF, irin fayil ɗin da ke ɗaukar bit 16, in ka gama gyara ka fitar da JPEG ɗinka ba wanda ya hana.

Kamal: TIFF ɗin nan fa cin wuri gare shi

Nura: Firam ɗin 35mm milimita 24 ne a 36, in ka yi shi a 2400 dpi, wato ɗigo 2400 a kowane inci, kusan megafiksel 7.7 kenan, a 48-bit wajen MB 46. Fim mai hoto 36 bai kai GB 2 ba. Kuma ba sai ka kai 6400 ɗin da aka rubuta a kwali ba, sikana mai gilashi ba ta iya ganin wannan ƙanƙantar a zahiri, fayil kawai zai kumbura.

Sadiq: To yanzu a aikace me zan taɓa? dan Allah a bi da ni a hankali

Malam Bala: In Epson Scan ce ka shiga Professional Mode, ka buɗe histogiram, za ka ga ƙananan alwatika a ƙarƙashinsa, baƙi a hagu fari a dama. Oto yakan tura su cikin tudun, duk abin da ya faɗa bayansu an yanke shi. Kai ka ja su waje su tsaya daidai gindin tudun ko ma ka bar ɗan fili, kuma ka yi haka a ja daban, kore daban, shuɗi daban, kar ka tsaya a na haɗe kaɗai domin sau da yawa kala ɗaya ce ake yankewa sauran biyun suna lafiya. Akwai kuma lambobin fitarwa a ƙasa, ka mayar da su 0 da 255. Ka kashe Unsharp Mask da duk wani gyaran kala ko rage ƙwayar fim. Hoton zai fito a kwance, ba armashi, kar ya dame ka haka ake so a wannan matakin.

In kuma manhajar sikanin ta VueScan ce akwai hanyar da ta fi dacewa da matsalarka. Ka yi firibiyu, ka zagaye wani ɗan fili na fim da haske bai taɓa ba, irin na tsakanin hotuna ko na farkon fim, ka sake firibiyu, ka danna Lock exposure, ka sake firibiyu, sannan ka danna Lock film base color. Daga nan duk hotunan fim ɗin da ma'auni ɗaya za a auna su. In ka canza fim sai ka sake, ko da iri ɗaya ne, domin wanki da tsufan fim suna ɗan motsa lemon.

Zainab: Malam ni abin da ban taɓa ganewa ba shine ruwan lemon kansa, me ya kawo shi? ai da sun bar fim ɗin garau da duk ba a sha wannan wahalar ba

Malam Bala: Tambaya mai kyau 'yata. Hoton nagatif da rini uku ake gina shi, rawaya da majenta (ja mai shunayya) da sayan (shuɗi mai ɗan kore). Rinin ba su da tsarki, majenta da ya kamata ya tare kore kaɗai yana ɗan tare shuɗi, sayan da ya kamata ya tare ja kaɗai yana cin kore da shuɗi. Sai aka sa sinadaran da ke haifar da rinin su zo da kalarsu tun asali, inda rini ya fito kalar nan ta ragu, inda bai fito ba ta zauna, ta haka kuskuren ya zama iri ɗaya ko'ina a jikin fim, a cire shi gaba ɗaya wajen buga hoto a takarda. Kin ga kenan lemon ba leda ba ce da aka shimfiɗa a kai, gwargwadon hoton yake ƙaruwa yana raguwa. Shi ya sa wanda ya juya nagatif kai tsaye a Photoshop yake samun shuɗi-shuɗi mai kauri, kuma ɗan jan maɓalli ɗaya ba ya gyara shi, sai an daidaita kowace kala da nata gangaren.

Nura: Wannan dalilin ne ma ya sa ni na koma ɗaukar nagatif da kyamara. Lens ɗin makro mai ɗaukar abu kusa-kusa, fitila mai faɗi a ƙasa, ɗanyen fayil na RAW, in ɗauki farin ma'auni a gefen fim in juya da Negative Lab Pro a cikin Lightroom, wanda ba ya son biya akwai negadoctor a darktable kyauta ne, shima da gefen fim ɗin yake fara lissafi. Fim guda kafin sikana ta gama yanka biyu na fim na gama. Sharaɗi ɗaya, fitilar ta zama mai CRI, ma'aunin ingancin kalar haske, 95 ko sama, in ka sa allon waya ko wata fitila ta banza jan zai mutu ba yadda za ka yi da shi, ga ɗigon allon zai fito a hoton in fim ɗin ya kwanta a kai.

Zainab: Sauri kam akwai amma ƙura fa Nura? ba ka da infared, hasken da sikana ke gano ƙura da shi don a goge ta

Nura: Gaskiya ne wannan, abin hura iska da haƙuri. Amma ke da baƙi da fari kike ɗauka ai infared ɗin ma ba ya miki aiki

Zainab: Haka ne, a fim ɗin baƙi da fari irin HP5 da Tri-X azurfa ce ke yin hoton kuma tana tare infared, sai Digital ICE, mai goge ƙurar, ya ɗauka duk hoton ƙura ne ya dagargaza shi. XP2 ne kaɗai nake kunna masa tunda shi da C-41, wankin nagatif mai kala, ake wanke shi, rini ne a jiki. Sadiq kai naka mai kala ne ka kunna abinka, shi kam ba ya ɓata nagatif mai kala.

Hajiya Rabi: Sallama gare ku. Ku yi haƙuri zan ɗan shigo da tawa tunda magana ɗaya ce. Silaid, fim ɗin da hoto ke fitowa daidai ba a juye ba, na mahaifinmu ne na shekarun 1970 nake ta sikanin, masu firam ɗin kwali. Waɗanda aka rubuta Kodachrome a jiki in na ɗaga su a haske kalarsu kamar jiya aka ɗauka, amma a kwamfuta sai su yi sanyi su karkata shuɗi, inuwa kuma ta toshe baƙi ƙirin. Wasu kuma na wani iri daban tun a ido sun koma ja-ja. Saitin nagatif ɗin da kuke faɗa zai yi min?

Malam Bala: Barka Hajiya. Naki aikin daban ne, ta wani wajen ya fi sauƙi domin kina da abin kwatance a hannu, silaid ɗin shi ne hoton. Wahalarsa duhu, silaid yana da kauri ƙwarai a inuwa fiye da nagatif nesa ba kusa ba, sikana sai ta yi da gaske kafin ta gani ta ciki. Ki saita haske yadda wuri mafi fari a hoton zai tsaya dab da bango, wato ƙarshen histogiram, bai taɓa ba, in manhajarki na da Multi-Exposure ki kunna, tana ɗauka sau biyu, ɗaya daidai ɗaya da ƙarin haske don inuwa, ta haɗa. Shuɗin Kodachrome kuma sananne ne, rininsa daban yake da na sauran silaid da ake wankewa da E-6, idon sikana ba ya ganinsa yadda namu ke gani. VueScan da SilverFast duk suna da zaɓin Kodachrome daban, ki zaɓe shi. Ki kuma yi hattara da ICE a kansa, yakan ci gefunan abubuwa masu duhu, ki gwada ɗaya ki zuƙo ki duba kafin ki yi duka.

Nura: Hajiya in silaid ɗin da yawa ki nemi IT8, wani fim ne mai ƙananan murabba'ai na kaloli da aka auna kowanne, ki yi sikanin ɗinsa sau ɗaya manhaja ta haɗa miki furofayil, fayil ɗin da ke daidaita kalar sikanarki. A silaid yana aiki sosai. A nagatif ne ba ya da wani amfani

Hajiya Rabi: Masu jan fa, shima zai gyara su?

Malam Bala: A'a Hajiya, IT8 zai nuna miki jan ne daidai yadda yake. Waɗancan rinin sayan ne ya koɗe, sauran suka rinjaya. Ki ɗauke su a 48-bit ba tare da gyara ba, sannan ki buɗe histogiram ɗin ja, za ki ga tudun ya tattare can dama ya bar fili a hagu, ki jawo baƙin alwatikan zuwa gindinsa, rabin aikin ya ƙare. In rinin ya tafi da yawa ba duka zai dawo ba, amma fuskoki sukan dawo yadda za a gane su da kyau. Ki ajiye ɗanyen fayil ɗin daban kar ki yi gyara a kansa, silaid ɗin zai ci gaba da koɗewa, fayil ɗin nan shi ne shaidarki.

Hajiya Rabi: Allah ya saka da alheri Malam, zan gwada.

Kamal: To ni tambayata, duk wannan ja da turawar da hannu, ina asalin kalar fim ɗin? Na sayi fim ɗin Kodak Portra don kalar Portra, in ni zan zauna in zaɓi kala da kaina ai gara in ɗauka da dijital. Ko ba komai oto ba ya sa son ransa

Malam Bala: Oto ma son ran wanda ya rubuta manhajar ne Kamal. Nagatif ba a yi shi don a kalla ba, an yi shi ne a buga a takarda, kuma mai bugawa yana zaune gaban enlaja, injin haska nagatif a kan takarda, yana juya tacen rawaya da majenta, ya buga gwaji ya duba ya ƙara ya rage. Mutum biyu su buga nagatif ɗaya ba za su fito iri ɗaya ba. Yau ma ka kai fim ɗaya a yi maka a injin sikanin Fuji Frontier a sake yi a na Noritsu ka ajiye su gefe da gefe, za ka rantse fim biyu ne, ga kuma hannun ma'aikacin da ke danna maɓallan. Abin da ake kira kalar Portra a intanet yawanci kalar waɗannan injinan ce.

Nura: Nan kam Malam ban bi ka duka ba. Fim yana da halinsa, ka ɗauki Ektar 100 da Portra 400 a wuri ɗaya ka juya su da hanya ɗaya, Ektar zai fito da kala mai ƙarfi da tauri, Portra a sanyaye da laushi a fata, ba wani saiti da ya ƙirƙiri wannan. In muka ce duk hannun mai sikanin ne sai yara su ɗauka kowane fim ɗaya ne

Malam Bala: Ban ce ɗaya ne ba, halin yana nan. Amma lura da abin da ka faɗa da bakinka, hanya ɗaya. Sai ka kulle ma'auni kake ganin halin fim, oto kuwa ƙoƙarinsa ya mayar da kowa tsaka-tsaki, Ektar ɗin ma sai ya danne shi.

Kamal: Hmm wannan kam ta shige ni. Amma har yanzu ga wanda zai saka a Instagram kawai ina ganin aikin ya yi yawa

Zainab: Sau ɗaya fa ake kullewa a fim guda Kamal, ya fi bin hoto 36 ɗaya bayan ɗaya kana neman su yi kama da juna

Sadiq: Na dawo. Na sauke VueScan na gwaji na bi yadda Malam ya ce, wallahi duk sun zo iri ɗaya yanzu, gajimaren ma ya fito har da ɗan ruwan hoda a gefensa. Saura biyu, duka sun ɗan karkata sayan kuma a kwance suke, sannan akwai hotuna biyu da na ɗauka bayan rana ta faɗi, inuwarsu ta yi kore-kore da tsakuwa-tsakuwa, na ƙara hasken sikana don in ceto su sai ma suka ƙara lalacewa

Malam Bala: Na farkon yanzu ya zama mai sauƙi. Zaɓi hoto ɗaya mai kyau, saita baƙi da fari a kowace kala, sannan ka nemi wani abu da ka san toka-toka ne a cikin hoton, kwalta ko bangon siminti, ka daidaita tsakiya da shi, ka kwafi saitin ka zuba wa sauran. Sai dai da yamma ka ɗauka, hasken da kansa ruwan zinare ne, Gold kuma fim ɗin hasken rana ne, zai riƙe wannan ɗumin. In ka matsa sai farar riga ta zama fara tas ka kashe yammar, fatar mutane ta yi fari-fari kamar ba jini. Ka bar ɗumin. Musamman a fata mai duhu ka kula, oto yana son ɗaga ta zuwa tsakiya, sai ta yi toka sama kuma ta ƙone, kai ka bar ta a duhunta ka duba dai akwai bayani a kumatu da goshi.

Na biyun ɗaga nagatif ɗin ka gani, za ka tarar sun yi shara-shara, kusan lemon zalla. Haske bai ishi fim ɗin ba tun a kyamara. Kuma ka tuna a nagatif komai a juye yake, wuri mafi haske a idon sikana shi ne inuwar hotonka. Da ka ƙara hasken sikana inuwar ce ta fara bugun bango, ɗan abin da ke cikinta ya tafi. Ƙarin haske nagatif mai kauri yake yi wa amfani, wanda ya sha haske da yawa, shi ne ke fito da hayaniya a sararin sama. Waɗannan biyun ka mayar da hasken yadda ka kulle shi, ka sauke baƙin har inuwar ta zama baƙa da gaske ta rufe koren, ka karɓi hoton a matsayin na magariba.

Nura: Gaba in haske ya fara ja baya ka auna inuwa, ko ka saita mitar a 100 maimakon 200, nagatif mai kala yana ɗaukar ƙarin sitof ɗaya, wato ninkin haske, ba tare da ya nuna ba, ragi ne ba ya yafewa. Silaid akasin haka

Zainab: Sannan Sadiq ka duba allonka kafin ka yarda da sayan ɗin nan, in yanayin dare na kunne ko haske ya kai maƙura duk abin da ka gyara ƙarya ne. Ka ɗora alamar linzami a kan simintin ka karanta lambobin, in ja ya yi ƙasa da kore da shuɗi sosai to sayan ɗin gaske ne. In za ka fitar don intanet ka mayar tsarin kala na sRGB

Sadiq: Na karanta, ja 118 kore 131 shuɗi 134

Malam Bala: To na gaske ne. Ɗaga tsakiyar ja har ya ɗan wuce koren, shuɗin ka sauke shi ƙasa da su biyun kaɗan saboda yammar. In ka gyara tsakiya sai ka ga inuwa ta koma ja haske kuma yana nan sayan, wannan lanƙwasar ja za ka kama a wuri biyu, ƙasa da sama daban-daban. Turo mana hoton da ke da fuska a ciki in ka gama, da lambobin goshi.

Hajiya Rabi: Malam zaɓin Kodachrome ɗin ya cire shuɗin, amma Multi-Exposure ya sa gefen abubuwa ya yi biyu-biyu a wasu

Nura: Silaid ɗin ne ke motsi tsakanin ɗauka ta farko da ta biyu Hajiya, ko fim ɗin ya ɗan lanƙwashe a cikin kwalin. Ki tabbata ya zauna daram a mariƙin, kar a taɓa teburin yana aiki, waɗanda inuwarsu ba ta da yawa ki kashe musu shi gaba ɗaya ɗauka ɗaya ta ishe su